Kwana 12 a Ayalan ni da ƙanwata: amsoshin tambayoyin da ake ta yi mana

Tun da muka dawo ba a bar mu mun huta ba. A gidan suna tambaya, a wurin aiki tambaya, har wani kawunmu sai da ya sa na zana masa taswirar tsibirin a ƙasa da tsinke. Da na ga bakina zai gaji, na tattaro tambayoyin da aka fi maimaitawa na amsa su a nan gaba ɗaya. Mun yi tafiyar daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Ni ne babba a ɗakinmu, ita ce ƙarama, kuma Auta zan riƙa ce mata kamar yadda ake yi a gida.

Duk faɗin duniya, me ya kai ku Ayalan?

Mahaifiyarmu ce sila. A Kano ta yi karatu a hannun sistocin St Louis, waɗanda suka iso birnin daga Ayalan a 1948, kuma mun tashi da labarin tsananinsu a kan tsafta da kiyaye lokaci. Auta ce ta riƙe abin a ranta. Ni iyakar abin da ya haɗa ni da ƙasar shi ne dankalin turawa, wanda masu kawo shi daga Jos har gobe suke kira Airish. Da ta tara kuɗinta ta ce za ta je, Baba ya ce ba inda za ta ba muharrami. Haka na tsinci kaina a tafiyar. Ita ta biya rabin kuɗin jirgina, kuma ba ta bari na manta.

Bizar Shengen ko ta Birtaniya tana shigar da mutum?

A'a. Jamhuriyar Ayalan tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta cikin yankin Shengen, don haka mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizarta daban. Ta gajeren zama ba ta wuce kwana 90, ana cike takardar ta intanet, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja. A nema da wuri.

Akwai wani tarko kuma. Tsibirin gundumomi 32 ne: 26 na Jamhuriya, inda ake kashe yuro, 6 kuma na Ayalan ta Arewa, wadda take ƙarƙashin Birtaniya ana kashe fam. Babu shinge a kan iyakar, bas zai wuce da kai Belfast ba ka ma sani ba, amma a doka sai da bizar Birtaniya. Mu ba mu tsallaka ba. Jirgi kuwa babu na kai tsaye daga Najeriya. Ta Istanbul muka bi, don biyowa ta Landan tana iya jawo buƙatar wata bizar.

Ina da ina kuka je?

Kwana biyu a Dublin, sannan jirgin ƙasa daga tashar Heuston zuwa Galway, kusan awa biyu da rabi. Daga nan bas ya bi da mu bakin teku zuwa An Spidéal da An Cheathrú Rua a yankin Conamara. Muka hau jirgin fito a Ros a' Mhíl zuwa Inis Oírr, mafi ƙanƙanta cikin tsibiran Aran guda uku, inda mazauna ba su kai 400 ba. Muka sake fito zuwa Doolin a gundumar Clare, muka sauka Ennis, muka koma Dublin. Cork da Kerry da Donegal duk mun bar su. Auta ta so mu haɗa da su, na ce wanda ya raba hankalinsa kasuwa biyar a rana ɗaya ba ya sayen komai.

Me kuke nufi da ainihin al'adar ƙasar? Ba abin da kowa yake gani ba ne?

Akwai Ayalan da ake sayar wa baƙi: koriyar hula, ɗan tsanan aljani mai jan gemu, unguwar Temple Bar a Dublin inda komai ya ninka kuɗi kuma da wuya ka ji muryar ɗan ƙasa sai ta mai kawo maka abinci. Ba na raina wannan, sana'a ce, kamar yadda mu ma muke shirya wa baƙi hawan daba na musamman ba ranar salla ba. Amma ma'aunin da muka ɗauka mai sauƙi ne: da ba baƙo ko ɗaya a garin, za a yi wannan abin? Idan amsar e ce, nan za mu. Kasuwar shanu za ta ci ko da mu ko ba mu. Wasan ƙwallon ƙauye za a buga. Tsohuwar da ta sauke mu a gidanta a Conamara za ta kunna rediyo da safe ta saurari sanarwar rasuwa.

Wannan na ƙarshe ya ba mu mamaki. Gidajen rediyon gundumomi suna karanta sunayen mamata kowace rana, da inda za a ajiye gawa da lokacin jana'iza, kuma mutane suna zuwa ta'aziyyar wanda gaisuwar hanya ce kawai ta haɗa su. Ana zaman makoki a gida, a yi ta dafa shayi, maƙwabta su kawo abinci. Auta ta dube ni ta ce, "Yaya, anya ba Fagge muke ba?"

Ai Turanci suke yi. Suna da wani harshe ne?

Suna da shi, Gaeilge, kuma shi ne harshen farko a tsarin mulkinsu. A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka ce suna iya shi, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta kimanin 72,000 ne kawai. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce labarin harshen. Kowane yaro yana koyon sa a aji, sai dai yankunan da ake cinikin kanti da faɗan miji da mata da shi 'yan kaɗan ne, yawanci a yamma, ana kiran su Gaeltacht. Conamara da tsibiran Aran suna ciki, haka ma wasu sassan Donegal da Kerry.

Yadda ya durƙushe kuwa ba baƙon labari ba ne ga wanda aka taɓa cin sa tara a makaranta saboda ya yi Hausa. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 da Turanci suke koyarwa, kuma akwai lokacin da ake rataya wa yaro sanda a wuya, duk sa'ad da ya yi harshen uwarsa a yi tsaga ɗaya, a ƙirga a hukunta shi. Sau da yawa iyayen ne da kansu suke goyon baya, don ɗan da zai ci abinci a Boston ko Liverpool Turanci yake buƙata. Yunwa da hijira suka ƙarasa sauran. Yanzu harshen yana da rediyonsa tun 1972 da talabijin ɗinsa, TG4, tun 1996, dukkansu hedkwatarsu a Conamara.

Kalmomi uku sun ishe ka buɗe fuska. Dia duit gaisuwa ce, ma'anarta Allah ya kasance tare da kai. Go raibh maith agat, na gode. Slán, sai an jima. Amsar gargajiya ga gaisuwar farko tana ƙara sunan Maryam bayan na Allah, kuma mu mayar da Dia duit kawai muke yi, ba wanda ya damu. Sai a kula da ƙofar ban ɗaki: Fir na maza ne, Mná na mata. Na ga harafin M na ɗauka na maza ne, na yi kuskure sau ɗaya, kuma za a ba jikokina labarin.

An ce kiɗan gargajiyarsu a mashaya ake yin sa. Musulmi fa, yaya zai yi?

Nan ne muka fi yin gardama ni da Auta, don haka bari in faɗi yadda abin yake. Mashaya a ƙauyen Ayalan ita ce majalisar gari. A nan ake cin abincin rana, a kalli wasa, a taru bayan jana'iza. A nan kuma makaɗa suke haɗuwa su yi abin da suke kira seisiún: mutum biyar ko takwas su kewaye tebur a lungu, ba dandali, ba lasifika, ba liƙi, galibi daga wajen tara da rabi na dare. Ɗaya ya ɗauko kiɗa, wanda ya san shi ya bi, a juya shi sau biyu ko uku a zarce wani ba tare da an tsaya ba. Akwai gogen turawa, da sarewar ƙarfe, da bodhrán, wanda da ka gan shi za ka ce bandiri ne, fatar akuya a kan zobe. Sai wani abin busa mai jaka da ake kira uilleann, wanda ba da baki ake hura shi ba, da gwiwar hannu ake matsa masa iska kamar zugazugin maƙeri. UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2017.

Auta ta ce ƙafarta ba za ta taka inda ake sayar da giya ba, kuma ba ta taka ba. Ni na shiga sau ɗaya a Doolin da la'asar, na sha shayi, na saurara na fito. Ba fatawa nake bayarwa ba, kowa ya san malaminsa. Abin da zan iya shaida shi ne ba wanda ya yi mini kallon banza don na ƙi giya. Suna da tsohuwar ƙungiyar masu ƙaurace wa barasa tun 1898, kuma har yanzu za ka ga dattijo da 'yar alamarta a ƙirjin kwat.

Da aka je aka dawo, hanyar Auta ta fi tawa riba. Ƙungiyar Comhaltas, wadda aka kafa a 1951 don raya kiɗan gargajiya, tana da zaure a Ennis mai suna Cois na hAbhna, kuma a irin waɗannan zauruka yara da kakanni suke haɗuwa a kan kiɗa da rawa. A Galway makaɗa suna bisa titi tun hantsi. Wanda ya daidaita tafiyarsa da bikin Fleadh Cheoil a watan Agusta, ko makon Willie Clancy a Miltown Malbay a farkon Yuli, zai ji kiɗa a bakin kowace ƙofa har kunnensa ya gaji.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne sean-nós, waƙar tsohon salo da mutum ɗaya yake rerawa da Gaeilge ba kiɗa ko kaɗan. Mai waƙar yakan rufe ido, ɗakin ya yi tsit, wani lokaci na kusa da shi ya kama hannunsa yana juyawa a hankali kamar mai taya shi ɗaukar kaya. Ba mu ji kalma ɗaya ba. Idan aka fara irin wannan, a ajiye waya, a yi shiru.

Wane wasa ne kuka ɗauko a bidiyo, na masu sanduna?

Hurling ke nan. Ka ɗauki ƙwallon gora, ka ba 'yan wasa izinin ɗaga ƙwallon sama, su cafe da hannu, su ɗora ta a bakin sanda suna gudu, su make ta ta wuce rabin fili. Mutum 15 kowane ɓangare. Ƙwallo a raga maki uku, ta bisa sandar raga tsakanin dogayen turaku maki ɗaya. Sai a 2010 aka wajabta wa kowa hular kwano, ka ƙiyasta haƙoran da suka zube kafin nan.

Ƙungiyar GAA da ke kula da wasan an kafa ta a 1884 a Thurles, kuma har yau 'yan wasanta ba a biyan su albashi, ba a sayar da su. Wanda ya buga wasan ƙarshe a filin Croke Park na Dublin gaban mutum 82,300 yana iya zama malamin firamare ko manomi, kuma da kakar gundumomi ta ƙare a Yuli zai koma buga wa ƙauyen da aka haife shi. Irin wannan wasan ƙauye muka kalla a Clare, gundumar da ta ci kofin ƙasa a 2024. Kakanni mata suna yi wa alƙalin wasa ihu da sunansa na yanka, don sun san uwarsa. Idan abu ɗaya kawai mutum zai ɗauka daga duk abin da na rubuta, ya tambayi mai masaukinsa inda ake wasa ranar Lahadi.

Da gaske har kara kuka je?

Ni na ja mu, Auta tana toshe hanci. A Ennis ne. Kowace saniya da lamba rawaya a kunne da takardar shaidarta. Ana koro ta cikin wani zagayen fili, allo ya nuna nauyinta, mai gwanjo ya yi ta zuba lissafi da saurin da ko 'yan ƙasar sai sun saba. Masu tayi ba sa magana, ɗan ɗaga yatsa ne ko ƙifta ido. Bayan ciniki ya faɗa, akwai tsohuwar al'adar mai sayarwa ya mayar wa mai saye 'yan kuɗi kaɗan don dabbar ta yi albarka. Wani dattijo da ya ji daga inda muke ya tsare ni rabin awa yana tambaya yadda shanunmu suke rayuwa wata shida ba ruwan sama. Na ba shi labarin farar saniya mai tozo da tafiyar makiyaya kudu da rani, yana ta girgiza kai.

Abinci da salla fa?

Karin kumallonsu na gargajiya kusan duk alade ne, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini, don haka a gaya wa mai gida tun da dare. Ƙwai, kunun alkamar oat, burodin soda da man shanu sun ishe mu. A bakin teku kifi ne mafita, sai dai a tambaya ko an sa naman alade a miyar kifi mai madara, kuma farfesun naman sa sau da yawa da giya ake dafa shi. Naman halal yana samuwa a Dublin da Galway. Shayi kuwa, idan aka yi maka tayi ka ce a'a, ba a ɗauke ka da gaske ba sai an maimaita sau uku. Kawaicin namu ne sak.

Musulmi sun kusa 82,000 a ƙidayar 2022. Mun yi Juma'a a masallacin South Circular Road a Dublin, wanda da coci ne. Masallacin farko da aka gina daga tushe a ƙasar yana wani ƙaramin gari, Ballyhaunis a gundumar Mayo, tun 1987. A ƙauye a ɗaki muke salla. A lura da lokaci: a watan Yuni rana tana kai wa kusan goma na dare kafin ta faɗi, a Disamba kuwa da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci an yi magariba.

Akwai maganar da bai kamata baƙo ya yi ba?

Kada ka ce musu Turawan Ingila, ko da wasa. Sai a 1922 suka samu gwamnatin kansu bayan yaƙi, kuma rikicin Ayalan ta Arewa ya ci rayuka kimanin 3,500 kafin yarjejeniyar 1998.

Kada kuma ka yi raha da dankali. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta ruɓar da shi, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka yi hijira, alhali ana fitar da hatsi da dabbobi daga tashoshin ƙasar. A 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, kuma har yau ba su koma wannan adadi ba. Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aika gudunmawar fam 1,000 a 1847. A gefen duwatsun Conamara ana ganin tsofaffin kunyoyin dankali da ciyawa ta rufe, kusa da kangwaye marasa rufi. Direban bas ne ya nuna mana, bai ƙara komai ba.

Tsokana kuwa suna son ta. Mutanen Cork da na Kerry suna yi wa juna abin da Kanawa da Zazzagawa suke yi, kuma ranar da ɗan Ayalan ya fara zolayar ka, ya karɓe ka ke nan.

Kun gamu da wariya?

Sau ɗaya, a Dublin, wasu samari suka yi wa Auta ihu saboda hijabinta, wata mata da ke wucewa ta balbale su da faɗa. Akwai zafi a ƙasar a kan baƙin haure da ƙarancin gidaje, kuma a Nuwamba 2023 an yi tarzoma a tsakiyar birnin. A yamma tambaya ce ta fi yawa: daga ina, wa kuka sani a nan, yaya kuka ga ruwan sama. Ƙasar da ɗan Najeriya, Rotimi Adebari, ya taɓa zama magajin garin Portlaoise a 2007, Najeriya ba baƙon suna ba ce a cikinta.

Dublin ba ta da abin gani ke nan?

Tana da shi. A harabar fadar Dublin akwai ɗakin adana littattafai na Chester Beatty, shiga kyauta, inda suke da Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta da hannunsa a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira. Kurkukun Kilmainham, inda aka harbe jagororin boren neman 'yancin kai na 1916 su 14, sai an sayi tikiti tun da wuri. Kwana biyu sun isa, masauki a can ya fi ko'ina cin kuɗi.

Yaya tafiya da ƙanwa take? Ba ku yi faɗa ba?

Sau biyu. Ita mai jadawali ce, ni mai zama in ji hira, kuma a rana ta huɗu sai da muka yi awa uku ba magana. Muka sasanta a kan safiya tata, yamma tawa. Kuɗin ci da na mota muka zuba a asusu ɗaya, ita ke riƙe da lissafi. Ɗaki biyu muke kamawa a ko'ina, wanda ya kusa ninka mana kuɗin kwana, kuma kusan kowane masauki sai mun yi bayanin cewa wa da ƙanwa ne. Girman yaya ma yana raguwa a hanya. A jirgin fito zuwa Inis Oírr teku ya tashi, ni na kwanta ina amai, ita ta riƙe jakunkuna tana cewa, "Sannu Yaya, ai kai ne muharramin."

Mota za a haya ko bas ya isa? Me za a saka?

Suna tuƙi ta hagu, hanyoyin ƙauye ƙanana ne tsakanin katangun dutse, tumaki suna kwance a kai. Mu bas da jirgin ƙasa muka bi, kuma a nan muka fi samun hira. Sai dai bas ɗin ƙauye ba shi da yawa, ranar Lahadi ma ya fi ƙaranci, a duba lokaci tun da dare. Mai sauka yakan yi wa direba godiya, kai ma ka yi.

Ruwa yana iya sauka sau huɗu a yini ɗaya ko a tsakiyar Agusta. Lema ba ta da amfani a bakin teku, iska za ta juye ta. Rigar ruwa mai hula, rigar sanyi a ciki, da takalmin da ba ya shan ruwa.

Me kuka kawo tsaraba?

Mama ta samu mayafin ulu saƙar Aran da ganyen shayi. Baba ya samu hular tweed da har yau bai saka ba. Ni na sayi sarewar ƙarfe a Ennis, kuma matata ta ce ko ita ko sarewar.